Rasuwar Goggo, A-kori-kurar Malam Mudi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da har yau ba su gama washewa daga hayaƙi ba, Malam Mudi direba na garin Doguwa, a madadin kansa da iyalinsa da duk wani bawan Allah da ya taɓa sa kafaɗa ya tura, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na kusa da na nesa rasuwar motarsa, a-kori-kura mai shan gas, wadda jama'a suka fi sani da Goggo. Ta cika ne da sanyin safiyar ranar kasuwar Tudun Wada da ta gabata, a ƙofar gidan maigidanta, bayan ta daɗe tana fama da ciwon rashin tashi da safe. Ta rasu da masarar mutanen unguwa a bayanta, amfanin gonarsu na bana, wanda suka ɗora mata bisa amana. Malam Mudi ya roƙi mai rubuta wannan sanarwa da kada ya sa maganar masarar a farko, wai za ta rage wa marigayiya kwarjini. An ji roƙonsa, amma masu masarar su ma sun iya karatu.

Babu wanda zai iya rantsewa kan shekarun marigayiya. Takardunta sun faɗi wani abu, jikinta ya faɗi wani. An dai tabbatar a ƙasar Turawa aka haife ta, can ta yi ƙuruciyarta, har masu ita suka ga ta isa hutu suka sa ta a jirgin ruwa. Ta sauka Kwatano da niyyar miƙe ƙafa, sai ta tsinci kanta a hannun wani mai gidan kaji a Kano, daga nan ta faɗo hannun Malam Mudi, wanda ya sayar da gonarsa ta bakin rafi ya ɗauko ta. A lokacin fara ce sol. Waɗanda suka san ta daga baya za su yi mamakin jin haka. Sunan Goggo kuwa wata Bafulatana mai tallar nono ce ta raɗa mata, ranar da ta gan ta tana hawan tudu tana nishi, ta yi gaba kaɗan ta zame da baya kaɗan, ta ce, "Sannu Goggo, bi a hankali." 'Yan tasha suka ɗauka, sunan ya zauna.

Halayenta na ƙwarai ba sa ƙirguwa, Malam Mudi kuma ya ce a rubuta su kaf. Ba ta taɓa cewa kaya ya yi mata yawa ba. A loda mata masara har ta durƙusa, a ɗora rake a kan masarar, masu raken su haye kan raken, wani ya miƙo akuya ta taga, ta kama hanya ba ta ce uffan ba sai ƙugi. Ta shiga hanyoyin dajin da ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara. Da damina ta sha nutsewa a taɓo har wuya, a ciro ta, ta girgije ta ci gaba. Ta ɗauki masu naƙuda zuwa asibiti, kuma da yawansu ba su ƙarasa ba, girgizar hanya ta sauke su lafiya tun kafin a hango gari. Akwai yara a ƙauyukan gindin dutse da a bayanta aka yanke musu cibiya. Mai kunya ce, ƙofarta ta direba ba ta buɗewa daga ciki sai an zura hannu ta taga. Mai haƙuri ce, birkinta ba ya gaggawar kamawa sai an yi ta lallashi da ƙafa. Ba ta da sa ido, domin madubinta na gefe ya daɗe da faɗuwa, ba ruwanta da abin da ke faruwa a bayanta. Da guminta aka ciyar da gidan Malam Mudi, aka rufa masa asiri, aka sa 'ya'yansa a makaranta. Wannan ta ƙarshen ba ba'a ba ce, kuma ita ce ta sa mutumin yake kuka.

A zamanin da take da lafiya, ana murɗa makulli sai ta ce gir-gir-gurum, ƙasa ta amsa, kajin unguwa su watse. Waɗanda suka ji wannan murya ba za su manta da ita ba.

Game da asalin ciwonta, Malam Mudi ya ce a rubuta cewa Allah ne kaɗai masani. Haka ne, Allah ne masani. Amma tashar Doguwa ma ta san wani abu kaɗan. Wata shekara da bazara, Malam Mudi ya ji wata tirela a Kwanar Ɗangora ta danna wata irin oda mai rera waƙa, ya tsaya baki buɗe, ya rantse Goggo ba za ta sake kwana ba irinta ba. Ya sayo odar, ya kai wa wani mai gyaran wayar mota a Tudun Wada. Mai gyara ya leƙa inji yana neman waya mai kauri da za ta iya ciyar da odar, sai ya ga wata ta miƙe zuwa wasu 'yan ƙarafa da ke soke a kan inji. Su ake kira hita. Aikinsu ɗumama cikin inji kafin a tayar, domin injin gas ba tartsatsi yake jira ba kamar na fetur, zafi yake nema ya kama. Mai gyara ya share gumi da gefen riga, ya dubi ranar da ke neman narkar da kwalta, ya ce, "Maigida, wannan ai na ƙasar ƙanƙara ne. Nan da ko ƙwai ka fasa a kan bonet sai ya soyu, me za ka yi da hita?" Ya sa fulaya ya datse, ya haɗa wa oda. Aka murɗa makulli, Goggo ta tashi bugu ɗaya, domin a irin wannan zafi ko gawa ce sai ta motsa. Aka danna oda ta ce fi-fi-ri-fiii. Malam Mudi ya biya, ya ƙara masa tukwici, ya shigo Doguwa yana dannawa tun daga bayan gari.

Abin da su biyun suka manta shi ne, Doguwa da asubar watan sanyi ba Tudun Wada ba ce da tsakar ranar bazara. Nan gindin duwatsu ne. Nan ne manja yake daskarewa a kwalba sai an kai shi bakin murhu, mai alwala ya sa hannu a buta ya janye yana salati. Sanyin farko da ya sauko, Malam Mudi ya murɗa makulli, Goggo ta ce gir, gir, gir, ta saki wani farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, ta ce kuf, kuf, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta sake tari. Ya yi ta yi har batir ya gaji ya koma ƙyat, ƙyat. Oda dai lafiyarta ƙalau. Sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta gasa mata baya, sannan ta tashi kamar ba ita ba. Damina da bazara ciwon ya kwanta, sanyi na dawowa ya dawo, kowace shekara kuma ya fi na bara tsanani.

To, ga inda abin ya zama na kuka. Sanyi shi ne lokacin kaka, lokacin da kowa ke da masara a buhu. Dillalan da ke zuwa kasuwa da manyan motoci da sassafe suke saye su cika su wuce. Wanda ya iso da azahar sai ya tarar da masu saye a wulaƙance, ya bayar yadda suka so ko ya juyo da kayansa. Mutanen unguwa sun shekara da shekaru ba su san wata mota ba sai Goggo, sun yi ta haƙuri suna zama a kan buhunansu suna kallon farin hayaƙi. Ana cikin haka Sagir, wanda a da karen motar Malam Mudi ne, yanzu kuwa magidanci da gemunsa da iyalinsa, ya samu tasa a-kori-kurar, wadda ke tashi kafin ya gama bisimilla. Bai ƙwace wa kowa ciniki ba, bai yi wa kowa talla ba. Wucewa kawai yake yi ta gabansu da safe, ya rage gudu ya gaida su, suna binsa da ido.

Iyalan marigayiya suna so duniya ta shaida ba a yi sakaci da neman magani ba. An kai ta ko'ina. Matsalar ɗaya ce: ba ta iya zuwa wurin likita sai ta tashi, in kuwa ta tashi ta warke. Babu bakaniken da ya taɓa ganinta da asuba. Kowa da rana tsaka ya gan ta, tana tashi bugu ɗaya kamar amarya, ya kuma gano mata ciwon da maganinsa ke cikin shagonsa.

Uzairu mai batir na Bebeji bai bari Malam Mudi ya gama sallama ba ya ce, "Batir ne, Alhaji." Ya ba shi wani ƙato irin na tirela, wanda bai shiga mazauninsa ba, sai a gaban kujerar fasinja aka ajiye shi, mai zaman gaba ya riƙa ɗora ƙafa a kai. Amfanin da aka samu shi ne, Goggo ta samu ƙarfin yin tari mai tsawo. Imran mai gyaran injekta na Kwanar Ɗangora ya tsoma yatsa a tanki ya lasa, ya tofar, ya ce 'yan bumburutu sun gama da ita da kananzir. Ya wanke tanki, ya canza matatar mai, ya ciro nozul-nozul masu feshin mai ya hure su ya mayar, ya bar wata tiyon mai tana ɗiga, ya ce za ta daina da kanta in ta saba. Mujitaba bakanike na Tudun Wada kuwa babban likita ne. Ya kafa sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido, ya daɗe yana kaɗa kai kamar mai jin wa'azi. Da ya buɗe ido ya ce, "Ring ne. Sai an sauke inji." Goggo ta yi kwanaki a gindin mangwaro cikinta a buɗe. Da aka haɗa, sai ga noti da kusoshi sun rage cike da gwangwanin madara. Mujitaba ya ce waɗannan ƙari ne, Turawa almubazzarai ne. A wannan jinyar ce tumakin Saudatu, matar Malam Mudi, suka bi juna zuwa kasuwa. Washegari da asuba aka murɗa makulli, marigayiya ta ce gir, gir, kuf.

Daga nan wani dattijo mai kamun kifi a Bagauda ya ce bakin mutane ne, mota mai irin wannan oda dole a sa mata ido. Wannan bayani ya fi kowanne kwanta wa Malam Mudi a rai. Aka rataya mata wani ƙulli a inda madubin ciki yake a da.

Gaskiya ta taɓa zuwa har ƙofar gida, sai dai ta zo a bakin da ba a so. Wata safiya Sagir ya tarar da Malam Mudi yana zufa a cikin sanyi, ya sauko daga motarsa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Oga, da ka bari na duba wayar hita. Tun ranar da aka sa odar nan, 'yar fitilar hita ba ta sake kamawa a gabanka ba, ina lura tun ina tare da kai. Aikin da bai kai shan shayi ba ne." Da mai tallar goro ne ya faɗi haka, wallahi da Malam Mudi ya buɗe bonet a take. Amma Sagir! Malam Mudi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai Sagir, ni na koya maka riƙe sitiyari. Yau kai ne za ka koya mini ciwon Goggo? Odar ce ta tsone maka ido, na daɗe da sani." Ya danna ta a fuskarsa, fi-fi-ri-fiii. Sagir ya ce Allah ya huci zuciyar Oga, ya hau motarsa ya tafi. Tun daga ranar, duk wanda ya ambaci hita a gaban Malam Mudi ya zama ɗan leƙen asirin Sagir.

Aka koma maganin gida. Da farko ana kwantar da ita a kan gangaren bayan makaranta, da safe a sake ta ta gangara a saka giya. Ranar da gangare bai isa ba sai a jira masallata su fito su tura. Ba a jima ba limamin unguwa ya lura mutane sun ƙara son lazimi bayan sallar asuba, ba mai fita sai ya ji shiru a waje, wasu kuma suka gano masallacin yana da ƙofar baya. Aka gwada tafasasshen ruwa, Saudatu ta riƙa dafa wa mota kafin ta dafa wa yara koko. Aka gwada tsumma da fetur a bakin shan iska. Aka gwada fesa mata maganin sauro, ta yi wata irin atishawa da ta sa maƙwabci ya faɗo daga katanga. A ƙarshe aka dace da kasko. A cika shi da garwashi a tura ƙarƙashin inji, a ba ta lokaci ta ji ɗumi kamar mai jego, sai ta tashi. Da kaskon bai taɓa aiki ba, da yau Goggo tana raye. Amma ya yi aiki sau da yawa, har Malam Mudi ya riƙa ba wa direbobi shawara a tasha.

Ana sauran kwana kaɗan kasuwar da ta wuce, Baba Isa, dattijon manoman unguwa, ya zo zaure ya zauna, aka gaisa. Ya ce, "Mudi, ba don mun ƙi ka ba. Mahaifinka abokina ne. Amma masarar nan ita ce shekararmu. Wannan karon in ba mu riski dillalai ba, jama'a za su koma motar Sagir, ni kuma ba ni da bakin hana su." Malam Mudi ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya dafa ƙirji ya ce su kawo kaya, in rana ta fito ta same su a Doguwa, kada a sake kiransa direba. Da yammacin jajiberin kasuwa aka yi lodi. Kowa ya kawo nasa, har Inna Salamatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ta kawo duk abin da 'yar gonarta ta bayar. Nauyin ya yi yawa ba a iya kai ta gangare ba, ta kwana a ƙofar gida.

Aka wayi gari da sanyin da ba a yi irinsa ba bana. Ana idar da sallah masu kaya suka taru, kowa ya duƙunƙune a mayafi. Aka tura kasko, aka jira, aka murɗa. Gir, gir, kuf. Aka ƙara gawayi, aka yi fifita. Gir, gir, kuf. Gabas ta fara ja. Sagir ya zo ya tsaya nesa kaɗan, motarsa tana ƙugi a hankali, ya tako ya ce, "Oga, ko in ɗaura igiya in ja ta, ko da zuwa bakin titi ne?" Malam Mudi bai ko dube shi ba. Abin da yake gani kawai shi ne idanun Baba Isa suna zuwa kan waccan motar suna dawowa. Zuciyarsa ta tafasa. Ya shiga gida ya kwaso karan masara rungume guda ya cusa a kan kasko, ya ƙaro wani, ya jawo wani yankin tsohuwar taya ya jefa. Saudatu ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, wutar nan fa ta fi ta tuwon suna!" Ya ce ta koma ciki, ba girki ake ba. Ya faɗa kujera ya ja ƙofa ya kama makulli.

Ƙarƙashin Goggo kuwa baƙin man shekara da shekaru ne ya daskare, ga tiyon Imran da har yau ba ta saba ba tana ɗiga.

Jama'a su shaida, ta tashi. Ta ce gir-gir-gurum da muryarta ta ƙuruciya, ƙasa ta amsa. Malam Mudi ya zuro kai ta taga fuskarsa cike da murna yana ihu, "Ta tashi! Ku hau, ta tashi!" Mutane kuwa suna ihu, "Wuta! Mudi, wuta!" Ya ɗauka murna suke taya shi, ya ƙara taka totur. Sai da harshen wuta ya leƙo ta gefen bonet ya gane. Ya lalubi ƙofa, mai kunya ta ƙi buɗewa daga ciki kamar yadda ta saba. Sagir ne ya faɗa cikin hayaƙin ya fizge ƙofar, ya jawo shi ta wuyan riga suka zube tare. Aka yi ta watsa ruwa da bokiti, ana watsa ƙasa, wasu suka yi ƙoƙarin jawo buhuna, amma igiyar lodin Malam Mudi ba ta taɓa kwancewa da sauƙi ba, abin alfaharinsa ne a tasha. Da wayoyi suka narke suka haɗu, oda ta kama kanta ba wanda ya taɓa ta. Fi-fi-ri-fiii, fi-fi-ri-fiii, tana yi muryar tana dusashewa, fi, fi, har ta ɗauke. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ƙamshin gasasshiyar masara ya cika gari har hantsi, mutanen wasu unguwanni suka fito suna tambayar gidan wa ake biki.

Babu wanda ya zagi Malam Mudi, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Masu masara suka tsaya cirko-cirko suna kallon toka. Inna Salamatu ta tsuguna ta ɗebi baƙar ƙwaya a tafin hannu, ta murza, ta zube ta zama gari. Ta miƙe ta kaɗe hannu ta ce, "Allah ya mayar da alheri, Mudi. Tun da kai ka fita da ranka, alhamdu lillahi." Ta juya ta tafi gida. A nan ne Malam Mudi ya zauna daɓas a gefen tokar. Mai rubuta wannan sanarwa ya daɗe yana yi wa Malam Mudi dariya, kuma bai daina ba, amma a wannan safiya ya tausaya masa ƙwarai.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta Malam Mudi, wanda gemunsa ya ƙone ɓari guda, yana zaune a zaure da makulli a hannu, yana cewa kwananta ne ya ƙare. Kalmar hita ba ta fito daga bakinsa ba har zuwa rubuta wannan sanarwa. Ta bar Saudatu, wadda ta ce ba ta da abin faɗa, kuma yadda ta faɗi hakan ya isa. Ta bar tayar safaya ɗaya da ta tsira domin tana ɗaki tun bara ba iska, da jak da aka ara wa wani a Ɗansoshiya bai dawo da shi ba, ana roƙonsa ya riƙe, ba a da bukata. Ta bar gwangwanin noti da kusoshi, marayu tun tana raye. Ta bar masu turi da dama, waɗanda ciwon bayansu zai riƙa tuna musu da ita duk sanyi. Likitocinta sun aiko da ta'aziyya. Uzairu ya ce da an ƙara batir na biyu da ba a kai ga kasko ba. Imran ya ce har gobe kananzir ne. Mujitaba ya ce ya so a sake sauke injin, aka ƙi ji. Mai gyaran wayar da ya haɗa oda ya aiko a tambaya ko odar ta tsira, yana da mai saye.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Wanka an riga an yi mata shi da bokiti ranar da abin ya faru. Sallah kuwa liman ya yi gargaɗi tun kafin a tambaye shi, ya ce kada wanda ya kuskura ya zo masa da wannan magana. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da marigayiya ta fi son tashi, za a ɗauke gawar daga ƙofar gida zuwa bakin titi, inda 'yan gwangwan za su zo daga Kano da sikelinsu da gudumarsu. Malam Mudi ya so shanun huɗa su ja ta don girmamawa. An kawo bijimai, suka shinshini ƙauri suka ja da baya. Saboda haka motar Sagir ce za ta ja, Malam Mudi kuma ya amince da sharaɗin zai bi ta wata hanya a ƙasa. Ana roƙon direbobin da za su yi rakiya kada kowa ya danna oda. Masu rauni a zuciya kada su tsaya kallon guduma.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gidan har zuwa la'asar. Bayan la'asar za a fasa rumbun Malam Mudi, a auna wa duk wanda masararsa ta tafi tare da Goggo, a fara da Inna Salamatu. Ba wanda ya nema, Baba Isa ma ya zo da kansa ya ce a bari, ƙaddara ce. Saudatu ta leƙa rumbun ta ce abin da ke ciki ba zai kai kan kowa ba, balle ya kai gidansu har damina. Malam Mudi ya ce ya sani, a fasa haka nan. Masu masara su zo da buhunansu. Sauran masu gaisuwa kowa ya ci abincinsa a gida kafin ya taho, domin ba za a ɗora tukunya ba.